Yadda Ake Koyon Fitar da Muryoyin Ƙasa a Sarewar Ƙarfe

Mai koyon busa sarewar ƙarfe, wato irin wadda ake riƙewa a gicciye zuwa dama, wadda ake gani a hannun 'yan badujala da makaɗan majami'u da ɗaliban sashen kiɗa, yakan sami muryoyin tsakiya cikin 'yan kwanaki, har ya fara ganin ya kama hanya. Wahalar tana bayyana ne ranar da aka ce ya sauka zuwa muryoyi masu kauri na can ƙasa, wato E da D da C, kamar yadda ake kiran muryoyin kiɗa da haruffa daga A zuwa G. A nan sai sarewar ta yi gum, ko ta riƙa fitar da huci zalla, ko kuma ta yi tsalle zuwa siririyar muryar sama wadda ba ita aka nema ba. Abin da ke fara zuwa wa mai koyo a rai shi ne ya ƙara ƙarfin busa, alhali kuwa ƙarfin shi ne yake korar muryar. Muryar ƙasa ba a ƙwato ta da tsiya. Saukowa ake yi a same ta, da iska mai faɗi wadda ke tafiya a hankali amma ba ta yankewa.

Yana da kyau a san dalilin haka kafin a shiga aikin. Sarewar da ake amfani da ita a yau ta samo asali ne daga ƙirar Theobald Boehm, maƙerin zinariya kuma mabushi a birnin Munich na ƙasar Jamus, wanda ya fito da ita a 1847. Tsawonta ya kai kimanin santimita 67, kuma kashi uku ce: kai, inda ramin busa yake, da gangar jiki, da ƙafa. Abin da ke yin amo a cikinta shi ne iskar da ke kwance a bututun, wadda ke girgiza idan iskar bakin mabushi ta bugi kaifin ramin busa tana shiga tana fita. Idan an rufe ramuka duka, iskar da ke girgiza ta yi tsawon bututun gaba ɗaya, sai ta ba da C ta ƙasa, mai girgiza kimanin sau 262 a kowane sakan. Idan aka bar yatsu yadda suke aka ƙara saurin iska, bututun yakan koma girgiza ninki biyu, wato kimanin sau 523, ya ba da C ta hawa na biyu, domin duk muryar da girgizarta ta ninka sunanta ba ya canjawa, sai dai a ce ta hau hawa guda. Ke nan mai hura iska da sauri shi da kansa yake umartar sarewar ta hau sama, kuma ba ta yi masa rashin biyayya ba.

Mataki na farko: a tabbatar da lafiyar sarewar

Wannan matakin shi ne wanda aka fi tsallakewa, kuma a ganina shi ya fi kowane muhimmanci. A ƙarƙashin kowane marufi akwai 'yar katifa ta ulu da aka lulluɓe da tantani, aikinta ta toshe rami ruf idan an danna. Muryar B ko A tana buƙatar marufai kaɗan ne kawai su toshe, don haka ko da akwai yoyo a can ƙasa ba za a gane ba. Amma C ta ƙasa tana buƙatar kowane rami na sarewar ya toshe, kuma kafa mai kaurin gashi a marufi ɗaya ta isa ta kashe ta. Na taɓa ganin ɗalibin da ya shafe makonni yana zargin laɓɓansa, yana ta murɗe baki a gaban madubi, ashe marufin F ne ba ya zama daidai. Da aka ba shi wata sarewar, nan take D ta fito masa.

Hanya mafi sauƙi ita ce a miƙa wa wanda ya iya ya gwada. Idan babu shi a kusa, mai koyo ya riƙe yatsun D yana busawa, wani kuma ya bi marufan ɗaya bayan ɗaya yana ƙara danna su da ɗan yatsa. Marufin da aka danna muryar ta faso, shi ne mai yoyo. Ana kuma iya yanko siririn zaren tsohon kaset, a sa shi a ƙarƙashin marufi, a rufe da nauyin da ake rufewa lokacin busa, sannan a ja shi a hankali ta fuskoki huɗu. Inda zaren ya zare ba tare da turjiya ba, nan iska take zurarewa. Kada a manta da marufan da a rufe suke zama kullum, kamar na G shaf, wato muryar da ke tsakanin G da A, da ƙananan nan biyu na kusa da kai, domin su ma sukan yi yoyo idan sifirinsu ya saki. Sai kuma toshiyar da ke cikin kan sarewa: a jikin sandar goge ciki akwai layi mai nisan milimita 17 daga ƙarshenta, kuma idan aka zura sandar a kan sarewa ta taɓo toshiyar, ya kamata layin ya bayyana a tsakiyar ramin busa. Idan toshiyar tana zamewa da ɗan turi kaɗan, ta bushe ta tsuke, sai an canja ta. Iskar hunturu takan jawo wannan, kamar yadda takan tsage tantanin katifun. Gyaran yoyo aikin mai gyara ne. Mai koyo kada ya ɗauki sukuddireba ya hau kan ƙananan kusoshin, domin juyi kaɗan a guda ɗaya yakan ɓata zaman marufai biyu ko uku.

Mataki na biyu: haɗawa da riƙo

A haɗa sarewar ta yadda ramin busa zai yi layi ɗaya da tsakiyar marufan gangar jiki, sandar da ke riƙe da marufan ƙafa kuma ta fuskanci tsakiyar marufin ƙarshe na gangar jiki. Wanda ƙaramin yatsansa gajere ne yana iya ɗan juyo ƙafar zuwa gare shi har maɓallan su zo inda yatsan yake sauka ba tare da miƙewa ba.

Wurare uku ne ke ɗauke da sarewa: haɓa, da gindin manunin hagu, da babban yatsan dama. Ƙaramin yatsan dama yakan zauna a kan maɓallin E filat, wato muryar da ke tsakanin D da E, a yawancin muryoyi, shi ya sa masu koyo da yawa suke mayar da shi ginshiƙi na huɗu ba tare da sun sani ba. To, D ita ce muryar da ake ɗage wannan yatsan, kuma da zarar an ɗage shi sai nauyin sanduna ya mirgino sarewar ciki, leɓe ya rufe ramin busa, murya ta shaƙe. Mutum ya ɗauka D ce mai wuya, alhali riƙonsa ne ya karkace. Saboda haka a gwada wannan ba tare da busa ba: a ɗora sarewar a haɓa, a rufe yatsun E, sannan a riƙa ɗaga ƙaramin yatsan ana saukewa sau ashirin ana kallon madubi. Idan ramin busa yana motsi, a ɗan matsa da babban yatsan dama zuwa bayan bututun ta yadda zai riƙa tura shi gaba, manunin hagu kuma yana tura shi zuwa haɓa, har sarewar ta tsaya cak.

Mataki na uku: baki, da kan sarewa shi kaɗai

A nan mai jin Hausa yana da wata gata da ya kamata ya ci moriyarta. Harafin f na Hausa, yadda mafi yawan mutane ke furta shi a kalmomi irin su fura da fure, da laɓɓa biyu ake yin sa, haƙora ba sa taɓa leɓe. Wannan zaman laɓɓan, a sake, da 'yar kafa a tsakiya, shi ne kusan abin da ake nema. A ce "fuu" a ja ta, sannan a ɗauke muryar maƙogwaro a bar iskar kawai. Kada a ja kusurwoyin baki baya kamar mai murmushi, domin hakan yana miƙe laɓɓa ya mayar da kafar siririya, iska ta ƙara sauri. A bar kusurwoyin a inda suke, ko ma su ɗan sunkuya.

A cire kan sarewa a riƙe shi shi kaɗai. A ɗora faifan da ke kewaye da ramin busa a lotsawar da ke tsakanin leɓen ƙasa da haɓa, gefen ramin na ciki ya zauna daidai inda jan leɓe ya ƙare, leɓen ya rufe kimanin kashi ɗaya cikin huɗu zuwa ɗaya cikin uku na ramin. A busa har a sami amo mai tsabta. Daga nan a toshe buɗaɗɗen ƙarshen da tafin hannun dama a sake busawa. Amon zai faɗo ƙasa da kusan hawa guda, ya yi kauri kamar na bakin kwalba. Wannan amon shi ne makarantar muryoyin ƙasa. A riƙe shi na sakan shida zuwa takwas, a lura da abin da baki yake yi: haƙoran sama da na ƙasa a rabe suke kamar kaurin ɗan yatsa, harshe yana kwance, cikin baki yana da faɗi kamar za a ce "o", kuma kafar laɓɓa ta fi ta muryoyin sama girma. Idan aka ƙara sauri amon zai tsallaka sama. A bar shi ya tsallaka da gangan, sannan a dawo da shi, sau da yawa, domin jiki ya san iyakar da ke tsakanin biyun.

Alkiblar iska ma tana da nata rabon. A ɗaga tafin hannu a gaban fuska, nisan taƙi guda, a hura a saitin yatsu, sannan a sauko da iskar zuwa wuyan hannu ba tare da an sunkuyar da kai ba, wato ta hanyar barin muƙamuƙi ya ɗan sauka ya koma baya kaɗan, leɓen sama ya ɗan rinjayi na ƙasa. Muryoyin ƙasa suna son iskar da ta nufi wuyan hannu. Abin da ba a so shi ne a cim ma wannan ta hanyar duƙar da kai ko mirgino sarewar ciki. Dabarar takan fitar da murya da wuri, shi ya sa take yaudarar mutane, amma muryar da take bayarwa ƙarama ce, a shaƙe, kuma tana zama ƙasa da inda ya kamata ta tsaya, sannan wanda ya saba da ita yakan sha wuyar rabuwa da ita.

Mataki na huɗu: numfashi

Iska mai tafiya a hankali ba ita ce iska marar ƙarfi ba, kuma a nan ne mutane da yawa suke ɓata. Da an ce musu su rage sauri sai su saki jiki gaba ɗaya, iskar ta fito tana rawa, ta ƙare cikin sakan uku. Abin da ake so ya yi kama da hucin da ake yi wa gilashin tabarau kafin a goge shi: mai ɗumi, mai yawa, daga can ciki. A ja numfashi ta baki har haƙarƙarin ƙasa su buɗe, kafaɗu kuwa su zauna inda suke. Yayin fitarwa a yi ƙoƙarin barin haƙarƙarin a buɗe muddin ana iyawa, tsokar ciki tana riƙe da iskar tana sakinta da awo. Ana iya gwadawa da kyandir: a ajiye shi nisan kamu ɗaya, a kwantar da harshen wutar gefe guda a riƙe shi a kwance na sakan goma ba tare da ya mutu ko ya yi rawa ba. Wanda ya ji jiri, abin da ke yawan samun sababbin mabusa, ya dakata ya zauna har ya wartsake, domin alama ce ta cewa yana zubar da iska fiye da kima.

Mataki na biyar: saukowa daga muryar da ta riga ta zauna

Kada a fara da C. A fara da B ta hawan farko, wadda ake yi da babban yatsan hagu da manunin hagu, ƙaramin yatsan dama yana kan maɓallin E filat. Malamin sarewa na Faransa Marcel Moyse ya shahara da wannan tsari na farawa daga B mai kyau a riƙa saukowa rabin taki rabin taki, wato daga murya zuwa mafi kusa da ita ta ƙasa, muryoyi biyu a numfashi ɗaya, ana ɗaukar kyan ta farko ana zuba wa ta biyu, kuma har yau a kansa malamai da yawa suke gina darasin amo. Mai koyo zai iya farawa da cikakken taki domin sauƙin yatsu. A busa B na bugu biyu, a ƙara yatsan tsakiya na hagu a sauka A a riƙe ta bugu huɗu, bugu ɗaya a sakan ɗaya. A maimaita. Sai A zuwa G, da ƙarin yatsan zobe na hagu. Sai G zuwa F, da manunin dama. Sai F zuwa E, da yatsan tsakiya na dama.

Ƙa'idar ita ce iska ba ta tsayawa a lokacin da yatsa yake sauka, kuma baki ba ya yin wani babban motsi. Canjin da ake yi daga murya zuwa ta ƙasa da ita ƙanƙane ne ƙwarai, ɗan ƙarin faɗi a cikin baki da ɗan sauke alkibla, har wanda ke kallo ba zai gan shi ba. Yatsu kuma su sauka da nauyinsu kawai. Matse marufai da ƙarfi yakan ɓoye yoyo na ɗan lokaci, amma yana sandarar da hannu, sandarewar ta bi wuya ta isa laɓɓa.

Inda muryar ta fara dusashewa, nan ne aikin ranar yake. Idan F tana da kyau E kuma tana huci, a tsaya a kan F zuwa E, a koma F a ɗauko amon a sake saukowa, kada a wuce. Wani yakan yi mako guda a wannan matsayi, kuma ba ɓata lokaci ba ne. Bayan E ta zauna sai a nufi D: yatsan zobe na dama ya sauka a daidai lokacin da ƙaramin yatsa ya tashi, su biyun kamar abu ɗaya. A tabbata manunin hagu yana rufe, domin ɗage shi na D ta hawa na biyu ne. Mai sarewa irin mai huda a tsakiyar marufai biyar ya duba yatsan zobe na kowane hannu, don su ne suka fi zamewa daga kan hudar. Babu aibi a toshe hudojin da 'yan robobin da ake sayarwa tare da sarewar har hannu ya saba.

Daga D a sauka C shaf ta hanyar ɗora ƙaramin yatsa a kan maɓalli mai faɗi na ƙafa, daga nan kuma a zame zuwa ɗan sanda mai mirginawa na C, wanda ke rufe marufan ƙafa biyu tare. Haɗarin da ke nan shi ne miƙa ƙaramin yatsa yakan janye sauran yatsun dama daga mazauninsu, ko kuma gefensa ya taɓa maɓallin E filat ya ɗan buɗe shi. A sa ido a madubi, a bar yatsan a lanƙwashe, motsin ya fito daga gindinsa ba daga wuyan hannu ba.

Mataki na shida: fara murya daga ƙasa kai tsaye

Saukowa kan D daga E abu ɗaya ne, fara jimla da ita wani abu ne dabam, kuma kiɗa yana buƙatar duka biyun. A fara ba tare da harshe ba, da "huu" kawai, har muryar ta riƙa fitowa nan take sau takwas cikin goma. Sannan a shigo da harshe a hankali, da "du" maimakon "tu", kan harshe yana taɓa bayan haƙoran sama ya janye da taushi. Nan ma akwai abin lura ga mai jin Hausa: d ta kalmar dawa ake nufi, ba ɗ ta ɗaki ba, domin ɗ tana tafe da matsewar maƙogwaro, haka ma ƙ da tsayawar da ke tsakiyar kalmar a'a. Duk wata matsewa a maƙogwaro tana sa iska ta fito da fashewa, fashewar kuma tana jefa muryar hawa na biyu. Idan mai koyo ya ji wani ɗan gurnani a wuyansa yayin busa, maƙogwaron ne ya shiga aikin da ba nasa ba, sai ya yi hamma ya sake farawa.

Akwai wani motsa jiki da ke taimakawa sosai a wannan matsayi. A riƙe yatsun C ta ƙasa, a busa ta, sannan ba tare da motsa yatsa ba a ƙara saurin iska har ta hau C ta biyu, a ƙara har ta hau G ta sama da ita, sannan a dawo ta kan matakan guda zuwa ƙasa. Dawowar ita ce darasin, domin tana koya wa laɓɓa yadda ake sakin sauri ba tare da an saki iskar ba.

Mataki na bakwai: ƙara amo da daidaita shi

Sai muryar ta riga ta tabbata ake neman ƙarfinta. Ƙarfi yana zuwa ne daga ƙarin yawan iska tare da ƙarin faɗin kafar laɓɓa a lokaci guda, ta yadda saurin ba zai ƙaru da yawa ba. A riƙe E, a fara da sanyi, a kumbura ta a hankali har ta kusa fashewa, a tsaya gab da nan. Kowace rana wannan iyakar takan ɗan matsa gaba. Ɗan hucin da mabushi ke ji a kunnensa kada ya dame shi ainun, domin yawancinsa ba ya isa ga wanda ke zaune nesa. A ajiye waya a ɗaya ƙarshen ɗakin a ɗauki sautin a saurara, shi ne alƙali.

Muryoyin ƙasa suna da halin zama ƙasa da ma'auni, musamman idan ana busa su da sanyi ko numfashi ya kusa ƙarewa. Manhajar auna murya ta waya, wadda aka saita A a kan girgiza sau 440 a sakan, za ta nuna hakan. Maganinsa shi ne a ɗan ɗaga kai, a buɗe ramin busa kaɗan, a riƙe iskar da ƙarfin ciki har ƙarshe. Sanyin ƙarfen ma yana saukar da murya, saboda sauti ya fi tafiya a hankali a cikin iska mai sanyi, don haka da safiyar hunturu a rufe marufai duka, a rufe ramin busa da baki, a hura huci mai ɗumi ta cikin bututun na ɗan lokaci kafin a fara. Laɓɓan da suka tsage ba sa iya daidaita kafar iska. A shafa man kaɗanya da dare, amma a goge shi sarai kafin busa don kada faifan ya riƙa santsi a haɓa.

Minti goma zuwa goma sha biyar a kowace rana, a farkon zama kafin baki ya gaji, sun fi awa biyu a rana ɗaya ta mako amfani. Za a iya raba su haka: minti biyu a kan kan sarewa da tafin hannu, minti shida a saukowa biyu-biyu, sauran kuma a fara murya kai tsaye da hawa da sauka a kan yatsun C. Wanda sarewarsa ke da doguwar ƙafa mai marufai uku yana da ƙarin murya ɗaya, wato B ta ƙasa mai girgiza kimanin sau 247, wadda ake samu idan ƙaramin yatsa ya kwanta a kan sandunan mirginawa biyu tare; kada ya neme ta sai C ta yi mako biyu tana amsa masa a bugun farko. Bayan an gama a zura ƙyalle mai laushi a sandar gogewa a tsane danshin cikin kowane kashi, a mayar da sarewar akwatinta a rufe saboda ƙura, kuma kada a bar ta a cikin mota a rana, domin zafi yana narkar da ƙaron da ke riƙe da wasu katifun, su goce daga kan ramukansu.